Finjalin Da Ba A Sha Ba

Karak, 21 ga Oktoba

Zuwa ga yayana Mazin, Abu Laith,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Rudaina da yara. Allah ya raba ku da sharrin sanyin Jamus, ya sa albarka a cikin nemanku. Mu nan sai godiya. Zaitun ɗin gonar marigayi Baba ya nuna, bana ya yi 'ya'ya sosai, sai dai ni kaɗai nake shimfiɗa tabarma ina kaɗewa, don babu wanda ya leƙo. Dalilin haka shi ya sa na ɗauki alƙalami maimakon waya. A waya kai kullum sauri kake yi, ni kuma maganata ba ta sauri ba ce.

Ƙanwarmu Suhair tana nan a asibiti a Amman. Wata biyar ke nan tun da mijinta Nidal ya turo ta daga saman bene, har yanzu ƙafafun ba su motsa ba. Shi yana tsare, ana jiran shari'a. 'Yarsu Tala tana wajena. Rabonka da ita tana goye, yanzu shekararta shida, kuma a gabanta aka yi komai. Tun ranar bakinta ya rufe. Ba ta kuka, ba ta rigima, tana cin abin da aka ba ta, amma ko "Inna" ba ta ce mini. Yaya, na saba da shirun gida tun rasuwar maigidana, amma shirun mutum biyu ya fi na mutum ɗaya ciwo. Wani lokaci sai in kama kaina ina yi wa tukunya magana.

Ofishin kare yara ne suka haɗa mu da wata gidauniya mai tallafa wa yaran da suka ga irin wannan a gidajensu. Su ke biyan wata Malama Hiyam, da kuɗin motarmu zuwa Amman duk Lahadi da Laraba. Da farko na raina abin, na ce wannan wace irin likita ce, ba allura ba ƙwaya, sai zama a ƙasa da 'yar tsana da fenti? Ta yi dariya ta ce in ba ta lokaci. To, na ga aiki. Yarinyar da ke ɓuya ƙarƙashin gado in an buga ƙofa, yanzu takan leƙa ta ga waye. Amma Malama Hiyam ta gaya mini ƙa'idarsu a fili: tallafin yana tafiya ne da sa hannun mai riƙon yarinya. Yanzu ni ce. In aka janye ƙara aka saki Nidal, riƙo zai koma gidansu, shi kuwa ya riga ya aiko da saƙo ta bakin uwarsa, wai 'yarsa ba mahaukaciya ba ce da za a riƙa yawo da ita wajen masu duba ƙwaƙwalwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce dangin Nidal suka zo neman sulhu. Motoci har bakin masallaci, maza sun kai talatin, dattijonsu Abu Sattam a gaba. Baffa Falah ne ya tarbe su a falon Baba, ni aka bari da butar gahawa a bayan labule. Aka zuba wa Abu Sattam, ya karɓi finjalin ya ajiye a gabansa, ya ce kamar yadda aka saba, ba zai kai baki ba sai an biya masa bukatar da ta kawo shi, wato a janye ƙara. Ya yi ta magana mai daɗi: sharrin shaiɗan ne, tsakanin miji da mata sai Allah, za su ɗauki nauyin asibiti, yarinya kuma ba ta da kamar gidan ubanta. Ko sunan Tala bai sani ba, "yarinya" kawai yake cewa. Na leƙa na ga Baffa yana gyara rawaninsa yana murmushi, ka san shi, in manya suka zauna masa sai ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Na tabbata kalma biyu suka rage ya ce su sha gahawarsu.

Nan ne na yi abin da ya sa nake rubuto maka. Na ɗaga murya daga bayan labule na ce, Baffa, a gafarce ni, Mazin ya bugo jiya, ya ce shi ne babban wan Suhair, kada a yanke komai sai an ji daga bakinsa. Ƙarya na yi, Yaya. Ba ka bugo ba, rabona da muryarka tun Babbar Sallah. Baffa ya yi ta tari kamar ya haɗiyi ƙashi, amma ba shi da yadda zai yi ya tsallake sunanka a gaban mutane. Abu Sattam ya miƙe ya ce za su dawo bayan Juma'a uku. Suka fita, finjali yana nan a kan darduma cike.

Abin da na sha bayan nan, sai Allah. Baffa ya ce na zubar masa da mutunci, wai tun ina makarantar firamare bakina ya fi ni girma, kuma shi ya sa na tsufa ni kaɗai. Na ce masa ai mutuwa ce ta raba ni da miji, ba baki ba. Matarsa ta daina amsa sallamata. Umm Rakan maƙwabciyarmu, wadda shekara ashirin muna musayar kwano ta kan katanga, ta ce ita dai shawararta in rufa wa zuri'a asiri. Na je na gaya wa Suhair, ta juya fuska ga bango ta ce ita ta gaji, mu yi duk abin da muka ga dama. Ban ga laifinta ba, amma na dawo a mota ina hawaye tun daga Amman har gida. Ban taɓa jin ba ni da kowa ba kamar ranar.

Ga abin da babu wanda ya sani. Da maza suka watse na shiga kwashe kaya, sai na tarar da Tala tsugune gaban finjalin nan. Ashe tana bayan kujera duk zaman. Na miƙa hannu zan ɗauka, ta riƙe mini wuyan hannu, ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Inna, bai sha ba ko?" Muryar ta dushe kamar ta tsohuwa. Na ce bai sha ba. Ta ce to ba za a tafi da ita ba ke nan. Ban san wa ya koya mata ba, wataƙila yara suna jin fiye da yadda muke zato. Ta ɗauke shi da hannu biyu ta ɗora a kan tagar ɗakinmu, ta hana a wanke. Kullum ta farka, nan take fara zuwa ta leƙa. Gahawa kuwa bushewa take yi, ga rana tana dukan tagar. Ranar Litinin Tala ta ga gahawar ta ragu, ta yini ba ta ce uffan ba. Tun daga nan nake riga ta tashi, in ɗiga kaɗan daga buta in mayar da shi yadda yake.

Baffa zai neme ka, na san yana jiran ɗansa ya samo masa lambarka. Ban roƙe ka ko dinari ɗaya ba, kuma ban ce ka zo ba, na san hidimar da ke kanka. Ka dai ce masa e, gaskiya ne ka bugo mini, kuma ba ka yarda da sulhun ba. In ka ga dama ka zage ni daga baya a kan ƙaryar da na yi da sunanka, zan saurara ba zan ce komai ba, ka san kuwa wannan ba ƙaramin alkawari ba ne daga wajena.

Ka gaida Rudaina, ka ce na gode da rigar sanyin bara, Tala ce ke lulluɓa da ita a mota. Ka shafa mini kan Laith da Jud. Zan ajiye muku man zaitun na bana ko da ni kaɗai na kai shi matsa.

Yaya, ni dai iyakacin ƙarfina in cika finjalin nan kowace safiya har ranar da za su dawo. Ranar kuwa ba ni za a tambaya ba, kai za a tambaya.

Ƙanwarka mai kewarka,
Intisar