Ganye Huɗu Da Na Ƙara Wa Motar Inna

Ƙofar Kware, Sakkwato,
14 ga Satumba, 1960.

Zuwa ga Yayana Sahabi, Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina fata wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka nisan kwana, ya sa albarka ga fataucinka, ya tsare shanunka daga bushiya da ciwon huhu, amin. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, sabon gero ya fara shiga gidaje, shanu sun yi ƙiba har mahauta sun rage yi mini tsiya a kara, kasuwar shanu. Matata Ashatu da ɗiya duk lafiya. Gari ya cika da zancen mulkin kai, saura mako biyu da 'yan kwanaki. Ku can kun riga mu ɗanɗana, kai za ka faɗa mana ko akwai gishiri a ciki.

Yaya, ka san bakina. Na taɓa sayar da gurguwar saniya a kan cewa yanga take yi, mai saye ya tafi yana godiya. To yau bakin nan ya kasa, wannan ce takarda ta uku da na fara, biyu na yage. Kuma ka sani tun daga nan, ba a liƙe ta sai Malami ɗan Baffa, wanda ke aikin akawu, ya karanta wa Inna ita daga farko har ƙarshe. Inna ce ta sa wannan sharaɗi. Saboda haka abin da za ka karanta ba shi da kwaskwarima, ko da na so in yi.

Ka tuna lokacin da ka bar mini kitikarka, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ka ce in yi jigilar nama da ƙiraga da ita yadda nake so, amma abu guda: kowace Alhamis in kai Inna Wamakko wurin ƙanwarta Bara'atu, tun da idanun Inna Bara'atu sun mutu, ita kuma Inna ƙugunta ba ya ɗaukar jaki. Na riƙe haka wata bakwai ban yi fashi ba. Sai dai motar tana da hali. In na ɗora mata naman shanu uku daga kwata sai ta zauna da baya kamar tunkiya mai ciki, in na zo kwanar kasuwa ta karkata har 'yan tasha su miƙe suna salati da gangan. Suka sa mata suna Hajiya Ruku'u. Ni kuwa a kara ni ke sa wa mutane suna, ba a sa mini.

Na kai ta wurin Mode fita, mai gyaran mota. Ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya nuna mini sifirin, ƙarafan nan falle-falle da aka jera bisa juna suke ɗauke da jikin mota, kowane falle su ganye suke ce mishi. Ya ce ganyen sun gaji, amma babban ciwon shi ne shakazoba, ƙarfen da ke shanye tsalle in an faɗa rami, duka biyun na baya sun mutu. Ya ce a aiko da sababbi daga Kano, mako uku, sannan a ƙara ganye ɗaya tak kowane gefe. Na ce mako uku ai sai mai haƙuri. Na yi mishi wa'azi a gaban mutane, cewa ƙasa za ta karɓi mulkinta amma mu Sakkwatawa ƙarfe ma sai mun jira Kano. Aka yi dariya, aka ce ni Sodangi na faɗi gaskiya. Mode ya share hannunsa da tsumma.

Na samo sifirin wata babbar mota da ta mutu a hanyar Gusau, na kai maƙera wurin Ashafa. Ya yanka, ya huda, muka ƙara ganye huɗu kowane gefe. Matattun shakazoban kuwa na ce a cire a yar, me ake da gawa. Ashafa ma, da yake garma da lauje ne aikinsa, sai da ya ce mini ƙarfen da aka yi don ɗaukar kaya ba ya da tausayi. Na ce ai ba tausayi na zo saye ba. Kuma Yaya, don in faɗi gaskiya duka, da kaya a bayanta motar ta yi kyau. Naman shanu biyar na ɗora, ta tsaya cak, na sha kwanar kasuwa ba ta ko sunkuya ba. 'Yan tasha suka daina salatinsu. Kwana uku ina tafiya kamar ni na ƙera ta. Abin da ban yi ba shi ne in gwada ta ba kaya a hanyar Wamakko.

Ran Alhamis Inna ta shiga gaba da 'yar ƙwaryar man shanu a cinya da ƙullin goro. Muna barin gari muka hau gargada, motar ta fara tsalle kamar ɗan maraƙin da aka kwance. Baya ba nauyi, ƙarfe ba ya lanƙwasa, duk abin da ƙasa ta ba taya sai ya zo ga ƙashin mutum kai tsaye. Inna ta ce in rage. Ni kuwa na ji direbobin manyan motoci suna cewa gargada da gudu ake cin ta, sai na ƙara wuta. Kusa da Kalambaina muka faɗa wani ɗan kwazazzabo da ruwan bara ya ci. Inna ta tashi sama, kanta ya bugi rufi, ta dawo bisa ƙugu. Ba ta yi kuka ba, ka san ta. Ta ce in tsaya. Ta sauka da rarrafe, ta zauna gindin wata itaciyar bedi, man shanu har a kallabinta. Na yi magiya, na ce zan tafi a hankali kamar mai rakiyar gawa. Ta ce ai ta ga alama. Wani mai jakai da ya ɗauko farar ƙasa ya sauke wa guda kaya, a kansa ta koma gida, ni ina biye a baya da mota, duk wanda muka wuce sai ya tsaya ya kalla.

Mako uku tana kwance. Wanzami ya yi mata ƙaho sau biyu, Ashatu tana gasa mata ƙugu safe da yamma. Da ta fara tashi sai na zo mata da dabara, na ce zan riƙa ɗora buhun gero shida a baya duk ranar tafiya, motar za ta yi laushi. Ta ce ita ba a auna ta da gero ba ranar da aka kawo ta gidan Baba, ba yau za a fara ba. Ka ga a nan ya kamata in kwance ƙarafan. Ban kwance ba. Naman shanu biyar ya yi mini daɗi, kuma ina jin nauyin in koma gaban Mode.

Duk wannan wauta ce, da ita kaɗai ce da ka zage ni mun wuce wurin. Abin da ya sa na yage takarda biyu shi ne wanda ke tafe. Ka san ni ke rubuta maka wasiƙun Inna, tana faɗi ina rubutawa. Wata huɗu, takarda huɗu, kowace sai ta ce in gaya maka ƙugunta, in gaya maka rabonta da Wamakko tun bazara, in gaya maka Bara'atu tana aiko tambayar laifin da ta yi aka yanke mata ƙafa. Ni kuwa alƙalamina yana rubuta Inna lafiya lau, mota lafiya lau, Inna Bara'atu tana gaishe ka. In ta ce in maimaita mata, sai in karanto abin da ta faɗa, daga kaina, idona a kan takarda. Amsoshinka ma haka nake yi musu, in tsallake wani layi, in ƙara maka sannu da jiki da ba ka rubuta ba. Na gaya wa kaina don kada hankalinka ya tashi a ƙasar mutane nake yi. Ƙarya ce. Tsoro nake ka aiko a karɓe mota.

Rana dubu ta ɓarawo. Takardarka ta watan jiya ta iso ina kasuwar Acida, Inna ta ƙagu, ta aika aka kira Malami. Ya karanta mata inda ka ce ka ji daɗi ƙwarai da take zuwa Wamakko kowane mako cikin hutu, har kana yi mini addu'a. Ashatu ta ce sau biyu Inna ta sa ya maimaita wurin. Na dawo, kwana biyu Inna tana amsa gaisuwata kamar kullum, har fura ta dama mini da hannunta. Rana ta uku ta kira ni, ta tambaye ni takarda nawa. Na ce huɗu. Ta ce ciwon ƙugu na duniya ne, yana zuwa yana tafiya. Amma ita ta sayar da tunkiyarta ta ɗinka mini rigar makaranta don in zama bakinta inda muryarta ba ta kai, ashe wata huɗu bebiya ce ba ta sani ba. Ta ce har ta fara riƙe ka a zuci, tana cewa Sahabi ya ji halin da take ciki amma sannu ɗaya ya ishe shi. Yaya, na tsaya gaban alƙali, na tsaya gaban Bature mai duba shanu, ban taɓa rasa ta cewa ba sai ran nan.

Washegari na kai wa Mode motar. Bai yi mini gori ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi, ko yanzu a aika Kano. Kayan sun zo makon jiya. Ya cire ganye uku kowane gefe ya bar ɗaya, ya goge tsatsa ya shafa giris tsakaninsu, ya ɗaura sababbin shakazoba, ya rage wa tayoyi iska. Yanzu naman shanu uku take ɗauka, ba ta zama da baya, kwana kuma tana shan ta a natse. Don gwaji na sa Ashatu a gaba da ƙwaryar nono cike a cinya, har Wamakko, ba abin da ya zuba sai ɗan abin da ya jiƙa faifai. Inna Bara'atu ta shafa fuskar Ashatu ta tambaya ina 'yar'uwarta. Da muka dawo Inna ta saurari labari, ta ce to mota ta warke, saura direba. Ta ce ba ta sa ƙafa a ciki sai amsarka ta zo, Malami ya karanta, ta ji da kunnenta cewa ka san komai. Don haka ina roƙonka don Allah kada ka jinkirta. Ka zage ni yadda ka ga dama, in ka ce a ba wani motar zan kai mishi mabuɗi har gida. Amsar dai ta zo da wuri, tsofaffin nan biyu kowace Alhamis ƙidaya suke.

Na ajiye alƙalami a nan aka kira Malami. Ya karanta, Inna ta saurara ido rufe. Ta ce duk gaskiya ne, amma na bar abu guda, kuma da hannuna zan sa shi. Lokacin da mutanen kara suka tambayi dalilin da ya sa aka ga Inna bisa jaki ina biye da mota, na ce musu tsohuwa ce, tsoron mota take, jinin ƙauye ba ya fita. Aka yi dariya. Na zaci maganar ta tsaya a kara, ashe masu tallan nono sun kawo mata ita tun kafin ta tashi daga kwanciya, ta riƙe ba ta faɗa ba. Ta ce in rubuta maka ita ta hau babbar mota bisa buhunan gyaɗa har Gusau tun ban san ɗaurin wando ba. Ta ce kuma inda na faɗa nan zan je in kwashe. Gobe kara ke ci. Zan tsaya inda nake tsayawa in yi cinikin shanu, in faɗa da irin muryar da na faɗi ta farko.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka Ni'imatu, da Haruna, da Zinariya, Allah ya raya su. Ashatu tana gaisuwa, Malami yana gaisuwa. Inna ta ce a gaya maka ƙugun da sauƙi amma ba ta iya doguwar tsayuwa, sallar nafila a zaune take yi. Ta ce ta yafe maka abin da ba ka yi ba, kai ma ka yafe mata zargin da ta yi maka. Ni ba ta ce komai a kaina ba tukuna. Haka ta faɗa, haka na rubuta.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanenka,
Sodangi.