Sunan da Umma Ba Ta Faɗa

Sparkbrook, Birmingham
12 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayana Sha'aban,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Manchester lafiya, ka kuma sami Kawu Abdurrahim lafiya. Yaya sanyin Fallowfield? Mu nan da sauƙi.

Na kira wayarka ya fi sau ashirin, a kashe. Kawu ya ce ko tasa ba ka karɓa in daga gida ne. Shi ya sa na ɗauki biro. Da Hausa nake rubutawa, don ko takardar ta faɗa hannun wani, kada gobe in gan ta a intanet.

Yau kwana shida da harbin da aka yi a ƙofar makarantarmu. Har yanzu a rufe take. Zoe, yarinyar da harsashin ya samu, ta farfaɗo, kuma likitoci sun ce ɗaurin da ka yi wa ƙafarta da rigarka ne ya tsayar da jinin. Wannan babu jaridar da ta buga. Hoton nan naka suke ta nunawa, kana gudu neman taimako, hannu duk jini. 'Yan sanda sun ce kai shaida ne kawai, amma wa yake saurare? Wani ya zauna a talabijin da kwat ɗinsa yana bayani wai yara masu shiru irinka su ne abin tsoro. Bai taɓa ganinka ba. Shekaranjiya an fasa mana taga, Baba ya liƙe ta da kwali.

Amma na san ba wannan ne ya hana ka magana da mu ba. Bidiyon Umma ne.

Yaya, ina bayan ƙofa lokacin. 'Yar jaridar ta tambaye ta ko kai ɗanta ne, ta ce ta faɗi sunanka da irin halinka. Umma ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki, ta faɗi abin da take faɗa wa kowane baƙo tun muna Zariya: kai ba nata ba ne, na kakarka ne, a tambayi wasu. Su kuwa suka rubuta da manyan baƙaƙe wai ko uwarsa ta ƙi ambatar sunansa. Yanzu kowa cewa yake, tunda uwa ta juya baya, ai ta san wani abu.

Ka fi ni sanin kai ɗan fari ne, kuma tunda aka haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba. Kunya ce, ba ƙi ba. Don Allah ka rubuto ko layi ɗaya.

Ƙanwarka,
Umaima

*

Sparkbrook
18 ga Nuwamba

Yaya Sha'aban,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Kawu. Yaya jikin naka? Ya ce ba ka cin abinci sosai.

Ya kuma gaya wa Baba abin da ka ce: tunda na kakarka ne kai, a mayar da kai wurin Hajiya a Zariya, kuma ba za ka biyo ta gida sallama ba. Baba ya yarda, ya ce can ɗin ya fi kwanciyar hankali. An ce jirgin ranar Alhamis ta sama ne. 

Ka san ko hannu ba na iya ɗagawa a aji. Duk da haka na shiga ƙarƙashin bidiyon na rubuta bayanin al'adar ɗan fari, na gyara shi sau huɗu. Wata ta amsa wai wace irin al'ada ce take hana uwa son ɗanta. Wani ya ce ƙarya muka shirya. Na goge, na yi ta kuka.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa Umma murya. Na ce mata ka san al'adar sarai, abin da ya ƙona maka rai shi ne ranar da duniya ta taso maka ma ba ta iya ajiye ta ba.  Daga baya ta ce da ta ga na'urorin ɗaukar hoton nan a kanta, abin da ya zo mata kawai shi ne kada ta yabe ka a gaban dubban idanu, baki ya kama ka. A ganinta ɓoye ka take yi.

Jiya mahaifiyar Zoe ta zo har gida. Ta ce ranar Asabar iyaye za su taru a ƙofar makaranta, 'yan jarida za su zo, tana so Umma ta tsaya kusa da ita ta yi magana. Umma ta ba ta shayi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Na roƙe ka don Allah, kada ka haɗa kaya kafin Asabar.

Taka,
Umaima

*

Sparkbrook
22 ga Nuwamba

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya. A gaishe da Kawu.

Wataƙila ka ji, da safiyar yau an kama mutum biyu kan harbin. Rigimarsu ce ta waje, Zoe tsautsayi ne ya faɗa mata. Babu wanda ya ba mu haƙuri. Duk motocin 'yan jarida sun kwashe sun tafi unguwar da aka kama su, ko ɗaya ba ta zo taron ba.

Ba mu fi mu arba'in ba, ana yayyafi. Mahaifiyar Zoe ta roƙi kowa ya mayar da wayarsa aljihu, ta ce ɗaukar hoto ya ishe mu haka. Da ta gama magana sai ta miƙa wa Umma abin magana. Na riƙe mata gwiwar hannu.  Sai ta ce ita ce uwar Sha'aban, ita ta haife shi, kuma bai taɓa sa ta kuka ba. Sunan ya karye mata a tsakiya, ta sake faɗa har ya fita daidai. Baba ya juya mana baya yana goge tabarau.

Ba ni da bidiyon da zan tura maka. Miliyoyi sun ga wancan, wannan kuwa mu arba'in ne, sai ka yarda da ni kawai. Ban taɓa yi maka ƙarya ba.

Ban san ko wannan takarda za ta riga jirgin isa gare ka ba. Yanzu zan ruga in saka ta a akwatin wasiƙu na Stratford Road kafin a kwashe. Umma ta gan ni ina rubutu a kicin, babu kowa sai mu biyu. Ta tsaya a kaina, ta ce in tambayi Sha'aban me yake so a dafa.

Me zan ce mata?

Ƙanwarka mai jiranka,
Umaima