A Aiko Mini da Daddawa

Kalakla, Khartoum
Janairu 1995

Yaya Hadizatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? A gaishe mini da maigidanki da yara.

Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Sanyi ya shigo, masu hitar wanka ta gas sai nemana suke yi. Duk Kalakla babu wanda ya kai ni gyaranta, kuma kin san ba wanda ya koya mini.

Abu ɗaya ne, ba wani babba ba: tun zazzaɓin damina hancina ya daina jin wari. Mu kuwa da hanci muke gane yoyon gas. Ran Talata na ɗauko ashana a wani gida, sai tsohuwar gidan ta buge hannuna, ta ce, "Usta, ba ka ji ba?" Ashe tiyon gas ne ya tsage. Yanzu kumfar sabulu nake shafa wa kowane mahaɗi. In maganar ta bazu, ba mai sake kirana. Kada Inna ta ji.

In ɗaliban garinmu da ke karatu a nan za su dawo daga hutu, ki ba su daddawarki, mai ƙarfin nan da nake toshe wa hanci muna yara. Ranar da na ji warinta, na san na warke.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanenki,
Muntasir