Kanwa Daidai Tsami

Kankia,
Alhamis, 24 ga Ramadan.

Zuwa ga uwargidana Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Maman Chima za ta bar Kankia ranar Alhamis mai zuwa da asuba. Takardar ritayarta daga koyarwa ta fito, Chima ya kama motar da za ta kwashe ta da kayanta zuwa Inugu. Ita da kanta ta faɗa mini jiya a ƙofar gida.

Na sa labari gaba da gaisuwa, tsohon halin ɗakin labarai ne, ki yi haƙuri. Yaya ibada? Yaya jikin Inna? Ina fata ƙafar ta fara ɗaukarta, kuma tana cin abinci. Ki gaishe ta da kyau, ki gaida mutanen garin Ƙofa gaba ɗaya. Ni lafiya lau nake, sai zafi, sai kuma gidan da ya yi mini girma. Na kira wayarki sau huɗu ba ta shiga, saboda haka na koma ga takarda. Kabo direba ya yi alkawarin miƙa miki hannu da hannu idan ya sauke fasinjan Kusada.

Ga abin da ya sa na rubuto. Langar nan mai jan fure tana kan kabad tun Kirsimeti, lokacin da Malama Bernice, wato Maman Chima, ta kawo ta cike da cincin. Shekara ashirin da uku ke nan tana zirga-zirga tsakanin gidajen nan biyu: ta shigo mana a Kirsimeti, ta koma musu ranar Sallah da alkakinki. Ba ta taɓa tsallake katangar nan babu komai a ciki ba. Bana ne na ƙarshe, ga shi ba kya nan, kuma na san ba za ki bar Inna ba sai ƙanwarki Zuliha ta iso ta karɓe ki ranar Sallah. 'Yarmu Murja kuwa watan haihuwarta ya tsaya, ba ta da halin tafiya daga Kaduna.

Na yi tunanin sayo alkaki a kasuwa. Tunanin bai yi minti biyu ba. Maman Chima za ta gane tun kafin ta tauna, kuma ba za ta ce komai ba, wanda ya fi muni.

Saboda haka ni zan yi. Kada ki yi dariya Inna ta ji. Na sami ɓarzajjiyar alkamar da kika bari a bokiti mai murfi, na auna, za ta yi kwaɓi biyu. Yau da safe na murza rabi da mai, na kwaɓa da nono kamar yadda na sha gani kina yi, na rufe na sa a lungun ɗakin girki. Abin da nake buƙata daga gare ki shi ne sauran ma'auni: kwana nawa zai yi, sukari nawa, tsamiya nawa, kanwa nawa. Ki rubuta da lamba, don Allah, ban da "ɗan kaɗan".

Ki faɗa mini kuma ko kin gama saƙar faifan da kika tafi da shi. Murfin langar ya ɓata tun Chima yana firamare, kuma kin ce sabon faifan nata ne.

Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi, Ya karɓi ibadarmu.

Naki,
Zainul Abidin.


Kankia,
Lahadi, 27 ga Ramadan.

Zuwa ga Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin wuni lafiya, ke da Inna da duk wanda ke gidan. Na ji daɗi da Kabo ya ce ya tarar da Inna zaune a tsakar gida tana yi wa kaji faɗa. Wanda ya sami ƙarfin faɗa ya kama hanyar warkewa.

Amsarki ta iso ranar Juma'a. Kin rubuta kwana biyu, sukari gwangwani huɗu, tsamiya sili uku. Na gode. Da kika zo kan kanwa sai kika rubuta "daidai tsami". Na juya takardar ko akwai ƙarin bayani a baya. Babu.

Kwaɓin farko ya lalace. Ga yadda aka yi.

Jiya Asabar da hantsi na buɗe shi. Ya tashi, yana ƙamshin tsami har ƙofa. Na fahimci cewa aikin kanwa shi ne ta kashe tsamin nan, kuma yawanta ya danganta da yadda kwaɓin ya yi tsami, shi kuma tsamin ya danganta da zafin gari. Wannan duk na gane shi. Abin da ban yi lissafi da shi ba, azumi nake yi. Na san malamai sun ce mai girki na iya taɓawa da harshe ya tofar, amma ke ba ki taɓa yarda da wannan ba, ni kuma ban yarda da maƙogwarona ba. Jira zuwa magariba kuwa, a wannan zafin, kwaɓin zai wuce gyara. Sai na ce tunda tsamin da yawa, kanwa ma da yawa. Na jiƙa guda kamar ƙwan kaza na juye ruwan duka.

Naɗin bai ba ni wahala ba sosai, ko da yake wasu sun fi kama da igiyar ɗaure akuya. A cikin mai ne suka nuna halinsu. Rabinsu suka watse, sauran suka yi jajir kamar bulo. Na tsoma su a sukari duk da haka, na jera a tire, na zauna ina yi musu kyakkyawan zato har aka kira salla. Na sha ruwa, na ci dabino, na gatsa ɗaya. Hajiya, kin taɓa tauna sabulun wanki? Na zuba wa akuyar Malam Hussaini, ta sunsuna ta dube ni ta wuce.

Yanzu ga babban labarin, kuma ina da ƙorafi a kanki.

Yau da rana, Maman Chima ta dawo daga coci da ɗankwalinta na Lahadi, ta tsaya a zaure ta yi sallama. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, Baban Murja, wa ya kashe alkama da kanwa a gidan nan jiya? Ta ce tun daga ɗakinta ta ji warin, har ta so ta leƙo ta katanga, sai ta tuna ƙawarta ba ta nan. Na yi ƙoƙarin kare kaina. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

Da ta huta sai ta tambaye ni, wai a zatona wa yake ɗanɗana miki kwaɓi duk shekarun nan? Ta ce duk ashirin da wani abu ga azumi, da hantsi, kina miƙa mata cokali ta kan katanga. Ta taɓa ta ce ƙara, ki ƙara, ki sake miƙowa, har sai ta ce tsaya. Ruwan sukari ma ita take duba miki. Ta ce ita ba ta taɓa naɗa alkaki ko ɗaya ba a rayuwarta, amma ko daga barci aka tashe ta za ta faɗi inda kanwa ta isa.

Shekara ashirin da uku, Hajiya. Ina tashi in tafi aiki ina neman labarin abin da ke faruwa a jiha, ashe a bayan ɗakina ana miƙa cokali ban sani ba. Ni da nake ta yabon alkakinki a gaban abokai ina cewa hannunki ne. Hannunki ne, amma harshen na maƙwabta ne. Kuma ni da na so in ɓoye mata aikin don ta yi mamaki, ashe ba ya yiwuwa sai da ita.

Na gaya mata na kwaɓa sauran alkamar yau da safe, kuma ita ke nan. Ko na sayo wata, kwana biyun ba za su samu ba. Ta ce kada in kuskura in taɓa kanwa ranar Talata sai tana tsaye.

Kafin ta fita ta tambayi yaushe za ki dawo. Na faɗa mata gaskiya: idan an ga wata ranar Talata, Sallah Laraba, za ku haɗu. Idan azumi ya cika talatin, Sallah Alhamis, motarta za ta tashi kina Ƙofa. Ta gyara ɗankwali, ta ce in gaishe ki.

Ki gama faifan nan. A gaida Inna.

Naki,
Zainul Abidin.


Kankia,
Talata, 29 ga Ramadan, bayan shan ruwa.

Zuwa ga Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina fata Inna ta ƙara samun sauƙi, ke ma gajiyar jinya ba ta yi miki yawa ba. Kabo yana masallacin bakin titi, ya ce da ya idar zai karɓi wannan ya wuce gida Kusada, don haka zan taƙaita idan na iya.

Alkaki ya yi. Guda sittin da ɗaya, babu wanda ya watse.

Da ƙarfe goma na safe Maman Chima ta ƙwanƙwasa katanga da muciya. Na ce ta shigo mana, ga kujera. Ta ƙi. Ta ce ba haka ake yi ba, ita wurinta bayan katanga, kuma ba a yau za ta canza ba. Sai na hau turmi, don ban kai tsawon da nake zato ba, na miƙa mata cokali. Ta taɓa ta ce wannan tsamin zai tada matacce, in zuba cokali biyu na ruwan kanwa in murza sosai. Na yi, na miƙa. Ta ce ƙara ɗaya. Na ƙara. Ta ce rabi. Na ce mata rabin cokali ba zai canza komai ba. Ta ce, Oga Edita, a jaridarku idan aka cire rabin magana ba ta canzawa? Na zuba rabi. A cokali na huɗu na leƙa ta kan katangar. Idonta a rufe. Sannan ta ce, tsaya nan, wannan na Maman Murja ne.

Na rubuta a littafina: cokali uku da rabi. Ta hango ni ta ce in yaga, domin baɗi zafin zai bambanta. Ta koya mini na ruwan sukari dai, wanda ba ya buƙatar harshe: a ɗiga tsakanin yatsu biyu, idan ya ja zare guda bai tsinke ba, a sauke. Na ƙona yatsa ɗaya kafin na gane ana barinsa ya ɗan huce.

Da aka sha ruwa na ci biyu. Ba zan ce ya kai naki ba, tunda gidan nan za ki dawo. Amma na ci biyu.

Sauran gida ma ya kintsu. Jiya na shafe zaure da farar ƙasa. Na sauko da fayafayanki na bangon falo, na goge su da ɗanyen tsumma, sai na manta yadda suke jere. Maman Chima ta shigo ta gyara cikin minti biyar: babban mai kore a tsakiya, ƙananan ja biyu a gefe, ƙoren da aka yi wa zane a ƙasa. Ta kawo ragowar takardu masu launi da take aiki da su da ɗalibanta, ta nuna mini yadda ake yanka su siri-siri, a liƙa da koko, a sarƙa ɗaya cikin ɗaya. Yanzu sarƙar takarda ta zagaye ƙofar falo, ba ta miƙe sosai ba, amma tana nan.

Na yi tuwon madara na masu yawon Sallah, shi bai yi mini gardama ba. Na naɗe tsofaffin jaridu kamar mazurari, na sa farar takarda a ciki, na ƙunsa guda uku-uku. Aikin ya ɗauke ni wuni guda, domin sai da na karanta kowane shafi in tabbata babu aya ko sunan Allah a jiki, kuma na cire shafukan ta'aziyya. Kusan duk shafin wasanni ne suka tsira. Bana mutanen unguwa za su sha zaƙi a cikin sakamakon ƙwallon shekara goma da suka wuce.

Na cika langa. Na tambayi Maman Chima ta wa ce asali, tamu ko tasu, don a san inda za ta zauna. Ta ce ita ma ta manta, kuma ba ta son a tuna. Za ta tafi da ita Inugu, a Kirsimeti za ta aiko ta a motar kasuwa cike da cincin, mu kuma mu san yadda za mu yi da Sallah. Na ce to wa zai ɗanɗana? Ta ce wannan matsalarmu ce, mu nemi maƙwabci mu riƙe shi da kyau.

Na ɗauko langar zan miƙa mata, ta mayar da hannuwanta baya. Ta ce ba ta karɓar langa ba murfi, kuma ba daga hannuna ba.

Ɗazu da la'asar na ji ta ta katanga tana waya da Chima. Da Igbo take yi, amma na tsinci "Sallah" sau uku da sunanki sau biyu. Bayan ta gama ta leƙo ta ba ni fassara. Ta ce masa motar ba za ta tashi ba sai washegarin Sallah, ko yaushe Sallar ta kama. Chima ya ce direba ba ya aiki da wata. Ta ce masa ita shekara ashirin da uku tana aiki da shi, direba ya koya. Ya yarda da ƙarin kwana ɗaya, wato Juma'a. Ko Laraba ko Alhamis, za ki same ta.

Saboda haka ki taho da faifan a hannunki, kada ki ba Kabo. Ki ce wa Zuliha ta yi sammako. Ki gaida Inna, ki ce mata na ware mata guda goma.

Yanzu haka Maman Chima tana zaune a ƙofar gidanta kan akwatin da ta ɗaure, da rediyona a cinyarta, ta ce nata ya shiga kwali. Malam Hussaini ya wuce ya ce an bugo masa waya cewa mutum biyu sun ga wata a garin Kaikai. Rediyo bai faɗa ba tukuna.

Naki har kullum,
Zainul Abidin.