Na Mayar Maka da Baƙin Dutsenka

Zuwa ga maigidana Baban Auta, inuwar kaina, ruwan randata, sanyin da ke biyo bayan ruwan farko. Sallama da gaisuwa daga Daura, daga matar da hankalinta ya tashi.

Saƙonka ya iso ta hannun Kabo direba: baƙin dutsen nan da kuke yankawa da inji can kudu, an goge shi har ina ganin fuskata a ciki. Kyakkyawa ne, ban musa ba. Amma wayyo ni! Da wane tsumma ka naɗe shi? Na ware shi a tsakar gida, sai ga ɗigon jini uku sun bushe a jiki. Ashe tarin da kake ce mini mura ce a waya, nan ya kai?

Ka tuna ranar da ka zo gidanmu koɗa wa Inna dutsen niƙa? Ina aji huɗu a sakandare, na tsaya a kanka ina gwada boko. Na ce sunan dutsen giranit, yana da ɗan'uwa baƙi mai suna gabro, dukansu a can ƙarƙashin ƙasa suka huce sannu a hankali, shi ya sa ƙwayoyinsu suka yi manya. Ka yi dariya har makoɗin ya suɓuce maka. Ka nuna mini ƙwayoyin nan masu ƙyalli kamar gishiri, ka ce su ne haƙoransa, su ke cin gero. Tun ranar ka shige zuciyata, hasken idona, ba ka fita ba.

To, na ajiye baƙin dutsenka da dutsen niƙan nan da Inna ta ba ni gefe da gefe. Namu fari ne mai ratsin ja, kaushi gare shi kamar tafin hannunka, shekara ashirin da biyu yana ciyar da gidan nan. Naka ya fi duhu, ya fi nauyi, ya fi sheƙi, ƙwayoyin nan masu ƙyalli kuwa ko ɗaya ban gani ba. Daɓen gidan masu hali ne. Saboda abin da za a taka da takalmi kake shaƙar ƙura shekara uku?

Ka ji tsoron Allah, Baban Auta. Jikinka amana ne, ɓoye wa iyali ciwo kuma ba jarumta ba ce. Ni da nake hana yaran nan ƙarya, me zan ce wa 'yarmu Mardiyya? Tana tsaye lokacin da na ware tsumman. Ranar ta kasa cin tuwo.

Cikin dutsena inda ake niƙa ya yi santsi, ya daina cin hatsi. Maƙwabta sun ce in kira wani ya koɗa, na ƙi. Sai dai in kai niƙa inji. Hannun da ya fara taɓa shi nake jira, ya farin watana.

Kabo zai juyo ran Alhamis, na ce ya bar maka kujerar gaba. Daga tasha asibiti za mu wuce, ba gida ba. In motar ta shigo babu kai, wallahi a cikinta zan koma in taho da kai, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Ga baƙin dutsenka nan na mayar. Tsumman yana wurina, ba zan wanke ba sai na gan ka.

Taka, da lafiya da ciwo, har ranar da za a rufe ni,
Ummukulsum