Akuya Tana Naƙuda, Ladi Tana Karatu

Samaru, Zariya

Yaya Iliya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya ƙafar nan? Yaya Anti Rahila da yara da sanyin Gembu? Muna lafiya, amma raina a ɓace yake.

Ranar Talata da hantsi jar akuyarmu ta fara naƙuda, ɗan ya maƙale. Na ce an gode Allah, ga 'yata Ladi a gida, shekararta uku tana karatun kiwon dabbobi a jami'a. Yaya, sai yarinyar nan ta ɗauko takardun da suke kira handawut, ta tsaya daga nesa tana karanta mini Turanci. Na ce, "Ke, sa hannu mana!" Ta fashe da kuka, ta ce, "Mama, a allo kawai aka zana mana." Kafin maƙwabciyarmu Maman Ngozi, wadda ta iya karɓar haihuwar awaki, ta dawo daga Sabon Gari, uwa da ɗa sun mutu.

Tir da irin wannan koyarwa! Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, ranar farko aka damƙa mini alli. Su kuwa malami ya yi ta surutu ya fita.

Yanzu Ladi ba ta cin abinci, wai za ta bar karatun. In an yi hutu zan turo maka ita, ka sa ta cikin garkenka, hannunta ya taɓa jini da kashi. Kada ka tausaya mata.

A gaida kowa. Ku sa ta a addu'a, kada ta karaya.

Ƙanwarka,
Saratu