Na Ce wa Likita Da Sauƙi

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya maigidanki da yara? Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, aiki da godiya.

Ciwon baya ya sa na yi ta fashin aiki, sai shugaban siton ajiyar kaya da nake aiki ya tura ni wurin likitar ma'aikata, ta duba ko zan ci gaba da ɗaga kwalaye ko a ba ni aikin zaune. Ni da na yi shekara da shekaru ina koyar da lissafi kafin in zo nan, yau babban burina kujera.

Likitar ta ce, "Yaya jikin?" Kin san tarbiyyar gidanmu. Na ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ta sake tambaya, na sake gode wa Allah. Baiwar Allah ta gaskata ni, ta shaida musu na warke. Washegari ina ƙarƙashin kwali.

Wani abokin aikina ya yi dariya har da hawaye. "Malam, nan ba a jinya da kunya!" Shi ya matsa na roƙi a sake tura ni mako mai zuwa. In na ƙara fashi babu shaidarta, sallama ce.

Don haka nake koyon faɗin abin da ke damuna, bari in fara da ke. Auta, ciwon bayan nan ya hana ni ruku'u, tun bara a zaune nake salla.

Allah ya raya mana yaran. In Inna ta tambaye ni, ki ce mata da sauƙi.

Yayanki.